Darasin Lissafi: Mota Mai Zafin Gudu da Tarkon "Nawa Za Ka Iya Biya a Wata?"

'Yan uwana ɗalibai, akwai wata tambaya da masu sayar da kaya bashi suke matuƙar ƙauna. Ba za su ce maka "kayan nan kaza ne" ba, sai su ce "nawa za ka iya biya a wata?" Da zarar ka buɗe baki ka amsa, to ciniki ya bar hannunka, domin daga nan ba kuɗin kaya ake magana ba, ana auna zurfin aljihunka ne. Wannan shi ne abin da nake so mu yi nazari a kansa a wannan fitowa. Ina zangon ƙarshe na difloma a fannin banki da harkar kuɗi, kuma cikin duk abin da aka koya mana a shekara biyun nan, babu wanda na ga zai yi mana amfani a waje kamar iya lissafin bashi. Da yawanmu nan da 'yan watanni za mu fita shekarar aikin koyon sana'a, wasu za su fara ɗaukar albashi, kuma albashin farko shi ne masu ba da bashi suka fi yi wa kwanton ɓauna.

Don kada darasin ya bushe, na zaɓi misalin da na san zai ja hankalin 'yan hostel ɗin maza da ba su da hira sai ta mota: mutumin da yake da mota mai gudu, yana so ya canza zuwa wadda ta fi ta gudu, amma da bashi. Za mu fara da Ingila, inda irin wannan ciniki ya fi kafuwa kuma dokokinsa suke a rubuce, sannan mu kawo lissafin cikin naira.

Wace irin mota ake nufi?

Duk wanda ya taɓa shiga tasha a Arewa ya san Golf. Guntuwar mota ce marar dogon but, ƙofar bayanta tana ɗagawa sama gaba ɗaya har da gilashi. Kamfanin Volkswagen na Jamus ya fito da ita a 1974 a matsayin motar iyali mai sauƙin kuɗi da sauƙin shan mai. Sai wasu injiniyoyin kamfanin suka ce bari su sa mata inji mai ƙarfi su gani. Abin da ya haifi Golf GTI kenan, wadda ta shiga kasuwa a 1976. Injinta lita 1.6 ne, ƙarfin dawaki 110, nauyinta kuma bai wuce kilo 810 ba, tana tashi daga tsaye ta kai gudun kilomita 100 cikin kamar daƙiƙa 9. Guda 5,000 kacal kamfanin ya yi niyyar ƙerawa, sai kasuwa ta buɗe, har yau ana yin ta.

Daga nan sauran kamfanoni suka bi sahu. Peugeot ta fito da 205 GTI a 1984, Honda tana da Civic Type R, Toyota ta kawo GR Yaris a 2020, Mercedes kuma tana da A45 S mai ƙarfin dawaki 421. Turawan Ingila suna yi wa irin waɗannan motoci laƙabi da "masu zafi". Abin da ya sa matasa suke mutuwar son su shi ne, a ido motar cefane ce, ana iya zuba yara da kaya, amma in an taka ta sai ta ba manyan motoci kunya.

Mutumin misalinmu

Ga wani ma'aikaci a Ingila. Yana da Golf GTI samfuri na bakwai, wadda ta fara fitowa a 2013, mai ƙarfin dawaki 220, tana kai kilomita 100 cikin daƙiƙa 6.5. Ransa ya biya da Golf R samfuri na takwas, mai ƙarfin dawaki 320, wadda tayoyinta huɗu duka suke ja, tana kai kilomita 100 cikin daƙiƙa 4.7. Bayanan motocin na gaske ne. Farashi da yawan kuɗin ruwan da za ku gani a ƙasa kuwa ni na tsara su don darasi, na zaɓi lambobi masu sauƙin bi da kalkuleta.

A ce Golf R ɗin ta hannu ce, an yi mata kuɗi fam 30,000. Dila ya yarda zai karɓi tsohuwar a kan fam 12,000. Sai dai akwai sauran bashin fam 9,000 a kanta. Darasi na farko kenan: abin da mutumin nan ya mallaka a cikin tsohuwar motarsa fam 3,000 ne kawai, sauran na masu bashi ne. Wannan 3,000 ita ce kafin alƙalaminsa. Saura fam 27,000 da zai nemo.

Da a ce dila ya taya tsohuwar fam 8,000, da ba shi da ko sisi a cikinta, har ma ana bin sa cikon 1,000. Abin da dila kan yi a nan shi ne ya ce "kada ka damu, za mu zuba a cikin sabon bashin". Ma'ana zai ci gaba da biyan kuɗin ruwa a kan motar da tuni wani yake hawa.

Tayi huɗu a kan teburi

Tayi na farko shi ne wanda suke kira HP a taƙaice, wato a ba ka mota kana biya kaɗan-kaɗan, ba za ta zama taka ba sai ka biya na ƙarshe. Mun san irinsa a nan wajen masu a-daidaita-sahu. A ce kuɗin ruwan kashi 0.8 cikin ɗari ne a wata, wanda ya kama kusan kashi 10 a shekara, kuma za a biya cikin wata 48. Biyan wata zai kama fam 680.

Ga yadda ake fitar da wannan lamba, ku ɗauko kalkuleta. Ka ninka 1.008 a kanta sau 48, za ka sami 1.4659. Ka raba 1 da wannan, ka sami 0.6822. Ka cire shi daga 1, saura 0.3178. Sai ka nemo ruwan watan farko, wato 27,000 sau 0.008, wanda ya ba da 216. Ka raba 216 da 0.3178, amsa ta fito kusan 680. Wannan hanya ita ce dai ake bi ko bashin na fam ne ko na naira, ko na mota ko na firji. Abin lura shi ne, a cikin 680 ta watan farko, 216 ruwa ce, 464 ce kawai ta rage uwar kuɗi. Kullum uwar tana raguwa, ruwan ma yana raguwa. A ƙarshe 680 sau 48 ya ba da fam 32,640. Abin da bashin ya ci masa kenan fam 5,640.

Tayi na biyu shi ne PCP, wanda shi ne ya fi yawa a cinikin sababbin motoci a Ingila, kuma shi dila ya fi son ya fara ajiye maka. Dabararsa ita ce, kamfanin bashi zai yi kintacen abin da motar za ta kai bayan shekara huɗu, a ce fam 14,000. Sai a ware wannan a ajiye shi can ƙarshe a matsayin dunƙulallen biya guda. Da wannan kuɗin ruwan na kashi 0.8, biyan wata zai sauko zuwa fam 439. Ka ga bambanci: 680 da 439. Wanda aka tambaya "nawa za ka iya biya a wata" ai ba sai an roƙe shi ba.

To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Wannan 14,000 da aka tura ƙarshe ba barci take yi ba. Ita ma bashi ce, kuma ruwa yana hawa kanta tun daga ranar farko: fam 112 duk wata, har wata 48, jimla 5,376, ba tare da ta ragu da ko kwabo ba. Shi ya sa in mutumin ya yanke shawarar riƙe motar, zai biya 439 sau 48, wato 21,072, ya ɗora 14,000, ya zama fam 35,072. Bashin ya ci masa 8,072. Kuɗin ruwa iri ɗaya, tsawon lokaci iri ɗaya, mota ɗaya, amma PCP ya fi HP tsada da sama da fam 2,400.

In wa'adin PCP ya cika, zaɓi uku gare shi. Ko ya biya 14,000 ya riƙe mota, ko ya miƙa makulli ya tafi, ko kuma in motar ta fi 14,000 a kasuwa ya mai da rarar kafin alƙalamin wata sabuwa. Na ukun nan shi ne abin da tsarin yake turawa mutum ya yi, domin ba kowa ke da dunƙulallen kuɗi a ajiye ba, kuma ba wanda yake so ya koma tafiya a ƙasa. Haka mutum zai yi shekara goma sha biyu yana biya, ya canza mota uku, bai taɓa mallakar ko ɗaya ba. In ya zaɓi miƙa makulli, ya kashe fam 24,072 har da kafin alƙalami, hannunsa wayam. Shi kuwa mai HP ya kashe 35,640, amma yana da mota. In ta kai 14,000 ɗin da aka yi kintace, hawan shekara huɗu ya tsaya masa a 21,640.

Kada in yi wa PCP rashin adalci, yana da amfaninsa guda. In kasuwar motar ta faɗi warwas, ta koma 10,000 maimakon 14,000, asarar ta kamfanin bashi ce, kai dai ka miƙa makulli. Sai dai wannan kariya tana da sharaɗi. Ana ƙayyade maka yawan mil ɗin da za ka yi a shekara, duk mil ɗin da ya haura akwai tara a kansa, kuma duk wani ƙwarzane ko lotsawa da ya wuce misali za a caje ka ranar mayarwa. Ka sayi mota don gudu da yawo, ga shi an sa maka awo.

Tayi na uku, ya tafi banki ya karɓi bashin kansa ya je ya biya dila kuɗi hannu. A ce bankin ya ba shi a kan kashi 0.5 a wata, kusan kashi 6 a shekara, wata 48. Biyan wata fam 634, jimla 30,432, bashin ya ci 3,432. Motar tasa ce tun ranar farko, yana iya sayar da ita duk lokacin da ya ga dama, ba ruwan kowa da mil ɗinsa.

Tayi na huɗu shi ne na ukun, amma an ja shi zuwa shekara bakwai, wata 84. Biyan wata ya faɗo zuwa fam 394, ƙasa da duk sauran. Jimla kuwa 33,096, bashin ya ci kusan 6,100. Ku duba da kyau: kuɗin ruwansa ya fi na HP sauƙi nesa ba kusa ba, amma abin da ya ci ya fi na HP. Tsawon lokaci ne ya yi wannan aikin.

Bari in jera su wuri ɗaya, daga mai ƙaramin biyan wata zuwa mai babba:

Banki, wata 84: fam 394 a wata, bashin ya ci 6,096.
PCP, wata 48: fam 439 a wata da dunƙulen 14,000, bashin ya ci 8,072.
Banki, wata 48: fam 634 a wata, bashin ya ci 3,432.
HP, wata 48: fam 680 a wata, bashin ya ci 5,640.

Biyun da suka fi daɗin ji a kunne su ne biyun da suka fi tsada. Araha ba ta ado. Wannan jeri shi ne zuciyar darasin, wanda ya riƙe shi ya riƙe rabin abin da nake son faɗa.

Ƙofar fita

Akwai wata tambaya da mai ɗokin mota ba ya yi: in aiki ya tsaya, ko rashin lafiya ta zo, ta ina zan fita? Dokar bashi ta Birtaniya ta 1974 ta ba mai HP ko PCP damar mayar da mota ya wanke hannunsa matuƙar ya biya rabin jimlar kuɗin yarjejeniya. A HP ɗin misalinmu jimlar har da kafin alƙalami 35,640 ce, rabi 17,820, zai kai nan a wata na 22. A PCP kuwa ana lissafawa har da dunƙulen ƙarshe, jimla 38,072, rabi 19,036, kuma da yake biyansa ƙarami ne ba zai kai ba sai wata na 37. Ƙaramin biyan wata ya nesanta shi da ƙofar fita da wata goma sha biyar. Mai bashin banki ba shi da wannan dama ko kaɗan, amma yana iya sayar da motar ya rufe bashin, in ta kai.

Hannun dila a cikin miya

Me ya sa dila yake damuwa da hanyar da za ka biya, alhali shi mota yake sayarwa? Saboda yana da la'ada daga kamfanin bashi. Shekaru da dama a Birtaniya an yi wani tsari da ya ba dila damar ɗaga kuɗin ruwan da kansa, kuma gwargwadon yadda ya ɗaga gwargwadon yadda la'adarsa take ƙaruwa, mai saye bai sani ba. Hukumar da ke sa ido kan harkokin kuɗi ta ƙasar, FCA, ta haramta wannan a watan Janairun 2021. Rigimar ɓoyayyiyar la'ada ta kai har Kotun Ƙolin Birtaniya, wadda ta yanke hukunci a watan Agustan 2025. A mafi yawan batutuwan ta ba kamfanonin bashi gaskiya, amma a shari'ar wani mai saye guda ta ce an zalunce shi, domin la'adar dila ta kai kashi 55 cikin ɗari na duk abin da bashin ya ci masa, kuma ba a bayyana masa yadda ya kamata ba. In haka ta faru a ƙasar da doka ta tilasta a rubuta wa mai saye ainihin kuɗin ruwa na shekara, wanda suke kira APR, ina ga inda ake ciniki da baki da "ka yarda da ni"?

Kuɗin da ba ya cikin takarda

Duk lissafin nan na sama kuɗin mallaka ne kawai, ba a zo kuɗin riƙo ba. A Ingila an kasa motoci rukuni 50 wajen inshora, kuma gwargwadon ƙarfin inji da tsadar gyara gwargwadon hawan rukuni, ga shi matashi dama ya fi kowa biyan inshora mai tsada. Motar fetur da farashinta tana sabuwa ya haura fam 40,000 tana da ƙarin haraji na shekara biyar, wanda yake bin motar ko da ta canza hannu, kuma irin waɗannan motoci sukan tsallake wannan layi da zarar an ƙara musu kayan alatu. Tayoyinta faɗaɗa ne masu laushin roba don su kama kwalta, saboda haka suna saurin cinyewa kuma suna da tsada. Birkinta manya ne. Injinta yana son fetur mai daraja ta sama, kuma yana sha da yawa in ana taka shi, wanda kuma don a taka ɗin aka saye shi.

Yanzu mu tambayi kanmu, me mutumin nan ya saya? Tsakanin tsohuwar da sabuwar akwai fam 18,000, ban da ruwa. Abin da ya samu shi ne ragin daƙiƙa 1.8 wajen kai wa kilomita 100. Iyakar gudun da doka ta yarda da shi a manyan titunan Birtaniya mil 70 ne a awa, kusan kilomita 112, kuma tsohuwar motarsa tana ninka wannan. 'Yan sashen injiniya za su tuna mana cewa ƙarfin da ke cikin abu mai tafiya yana hawa ne da ninkin gudu a kansa, wato in ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki yake buƙata ya ninku sau huɗu. Ba ina cewa sha'awa laifi ba ce. Wanda yake da hali ya ga daƙiƙa biyun nan sun kai masa kuɗin, ransa ne da aljihunsa. Abin da nake cewa shi ne ya san adadin kafin ya sa hannu, kada ya zaci 439 ce kuɗin.

Mu kawo shi cikin naira

Wani zai ce, to mu da muke fama da kuɗin handawut, ina ruwanmu da fam? Ruwanmu shi ne tambayar nan ta "nawa za ka iya biya" ta riga ta iso nan, kuma a wurinmu kuɗin ruwa ya fi zafi. A ƙarshen 2024 ma'aunin kuɗin ruwa na Babban Bankin Najeriya ya kai kashi 27.5 cikin ɗari, kuma bankunan kasuwanci a saman wannan suke ɗora nasu. Sannan akwai wani tarko da ya fi yawa a nan, wato bambancin ruwa a kan uwar kuɗi ta farko da ruwa a kan abin da ya rage.

A ce wani yayanmu ma'aikaci yana so ya sauya motarsa da wata 'yar Kwatano, yana neman cikon naira miliyan 6 na shekara uku. Wuri na farko suka ce kashi 20 a shekara. Wuri na biyu suka ce kashi 30. Kowa zai ruga na farko. Amma na farkon a kan miliyan 6 ɗin gaba ɗaya suke lissafi duk shekara, kamar ba ka taɓa biyan komai ba: miliyan 1.2 sau uku, ruwa ya zama miliyan 3.6, jimla miliyan 9.6, biyan wata naira 266,667. Na biyun kuwa a kan abin da ya rage suke lissafi, kashi 2.5 a wata. In ka bi hanyar da na nuna a sama, biyan wata zai kama naira 254,710, jimla kusan miliyan 9.17. Mai kashi 30 ya fi mai kashi 20 sauƙi da kusan naira 430,000. In aka juya wancan kashi 20 zuwa ma'auni ɗaya da na biyun, kusan kashi 34 ne. Saboda haka duk wanda ya faɗa maka kashi kaza, tambaye shi: a kan me?

Da yawa daga cikinmu ba ma ta'ammali da kuɗin ruwa saboda addini, kuma yanzu akwai bankunan da ba sa aiki da shi, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJ, da Lotus. Tsarin da aka fi sani wajen sayen mota shi ne murabaha: banki ya sayi motar, ya sayar maka da ita da ribar da aka bayyana, a kan farashi tsayayye da za ka biya kaɗan-kaɗan. Hukuncin wannan fage ne na malamai. Abin da ya shafi darasinmu shi ne, lissafin kwatance bai faɗi ba. In banki ɗaya ya ce zai sayar maka da motar miliyan 6 a kan miliyan 8.7 cikin shekara uku, wani ya ce miliyan 10 cikin shekara biyar, biyan watan na farko naira 241,667 ne, na biyu 166,667, kuma ka san wanda zai fi daɗin ji. Wajibi ne ka ajiye su gefe da gefe ka ga cewa sauƙin nan miliyan 1.3 ya ci, sannan ka yanke ko ya cancanta.

Kuɗin riƙo ma yana nan yana jira. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, duk mai mota ya san abin da tanki yake ci. Mota mai zafi an ƙera ta ƙasa-ƙasa da siraran tayoyi don titi mai santsi, ka kawo ta kan ramukanmu da tudun rage gudu ka ga yadda bamba da shokozoba za su ƙare. Kayan gyaran tsohuwar Golf ko'ina akwai su, kowane bakanike ya san cikinta. Sabuwa mai kwamfuta kuwa sai an nemo mai na'urar dubawa, wani kayan ma sai an yi oda.

Kuma ba sai mun jira mota ba. Ga wayar hannu da ake bayarwa biya kaɗan-kaɗan. A ce kuɗinta hannu naira 150,000. Aka ce ka ba da 40,000, sannan 6,500 duk mako har mako 26. "Dubu shida da ɗari biyar ai ba komai ba ce." To lissafa: 6,500 sau 26 ya ba da 169,000, ka ɗora 40,000, ka biya 209,000. Abin da aka ranta maka 110,000 ne, ka biya ƙarin 59,000 a kansa, sama da rabi, cikin wata shida kacal. Wannan shi ne PCP ɗinmu na cikin makaranta.

Abin da za ka tambaya kafin ka sa hannu

Na farko, nawa ne kuɗin kayan in da kuɗi hannu zan biya? Ka fara tsayar da wannan kafin a yi maganar bashi. Na biyu, nawa ne jimlar duk abin da zai fita daga aljihuna daga yau har ranar da kayan zai zama nawa, har da kuɗin fom, kuɗin gudanarwa da inshorar dole? Ka cire na farko daga na biyu, abin da ya rage shi ne farashin bashin, kuma da shi ake kwatanta tayi da tayi. Na uku, kason da aka faɗa a kan uwar kuɗi ta farko yake ko a kan abin da ya rage? Na huɗu, akwai wani dunƙulallen biya a ƙarshe? Na biyar, kayan na wane ne kafin in gama biya, kuma me zai faru in na makara wata ɗaya ko biyu? Na shida, in na samu kuɗi na so in biya da wuri, za a rage mini ko za a ci ni tara? Na bakwai, shi wannan da yake ta lallashina, me zai samu in na sa hannu? Duk amsar da aka ba ka, ka ce a rubuta. Wanda ya ƙi rubutawa ya riga ya ba ka amsa.

Daga ƙarshe ga aikin gida, tun da darasi ne. Bashin naira miliyan 2 na wata 24. Wuri na farko kashi 18 a shekara a kan uwar kuɗi ta farko. Wuri na biyu kashi 2.5 a wata a kan abin da ya rage. Wanne ya fi sauƙi, kuma da nawa? Ku gwada a ɗaki ku da abokan kwananku, 'yan akanta kada ku yi wa 'yan injiniya satar amsa. Wanda ya iya warware wannan da kansa, ranar da wani ya tambaye shi nawa zai iya biya a wata, zai san ya ce: a'a, fara faɗa mini nawa ne duka.